Sunan da Ya Fito a Juye

Takwara, kafin gaisuwa ga kacici-kacici, don na san idan na bar shi sai can gaba barci zai sace ki a jirgi. Wane ne yake ɗauke da suna a goshi amma bai taɓa ganinsa daidai ba, ba ya cewa uffan sai an danne masa kai, kuma ba a sanin ko shi wane ne sai a wurin da ya tashi ya bari? Kada ki leƙa ƙasan takarda. Na san halinki, tun kina yarinya daga inda naman yake kike fara cin shinkafa.

To yanzu, assalamu alaikum wa rahmatullahi. Daga kakarki Safiya, wadda kuke kira Sitti, zuwa ga Safiya ƙarama, wadda ta sace mini suna tun tana cikin zanen goyo, yau kuma za ta gudu da shi Kanada. Ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki Likita. Allah ya ɗaga ku lafiya ya sauke ku lafiya, ya tsare gabanku da bayanku, ya haɗa ku da maƙwabtan kirki. Idan Hausar ta yi miki nauyi ki miƙa wa mijinki ya karanta miki, shi ɗan Kano ne, bai da uzuri. Amma ki ce masa inda na taɓa shi ya yi kamar bai gani ba.

Ranar da kike haɗa kaya kin baje mini littattafan hotuna guda biyu a kan gado, waɗanda yayar mijinki Bilki ta aiko daga can. Kamfanoni biyu ne masu sayar da hatimin roba, irin wanda ake dangwala wa tawada a buga fure ko tsuntsu a kan katin biki. Kin ce ba su da kanti. Mace ce ke ɗaukar kayan ta shiga gidan wata, a tara maƙwabta, a sha shayi, a gwada, mai so ta saya. Bilki ta ce ki zaɓi ɗaya ki shiga, don kada zaman kaɗaici ya cinye ki lokacin da Likita yake asibiti. Sai kika ɗago kai kika ce da ni, da wannan Hausar taki mai ɗingishi, "Ya Sitti, lesh, me ya sa wannan kowa ya san shi, wancan kuma furanninsa sun fi kyau amma ba wanda ya san shi?"

Na ce miki ina ruwan tsohuwa da kamfanin Turawa. Ƙarya na yi. Ina da amsar, amma ga gida cike da masu sallama, ban so su ga idona ba.

Kin san akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadona, wanda ku yara kuka ce likkafanina ne a ciki? Ba likkafani ba ne. Hatimai ne. Wannan sana'ar da Turawa suka sa wa littafi mai sheƙi, kakarki ta yi ta a Madina tun uwarki tana rarrafe.

Muna tsohuwar unguwa a lokacin, kafin faɗaɗa Harami ta cinye lungunanmu a watsa mu kamar an jefa dutse cikin tattabaru. Wata alhajiya Ba'indiya ta sauka kusa da mu, na ga tana buga zanen lalle a tafin hannu da wani ɗan katako. Na kwana biyu abin yana raina. Na je wajen wani mai gyaran takalmi na sayi fallen roba, na zauna da reza. Na yanke yatsa har ba na ƙirgawa, amma na iya. Na sassaƙa fure, na sassaƙa ganyen dabino, na sassaƙa wata da tauraro. Mata suna bugawa a hannu kafin su bi da lalle, suna bugawa a rigar matashi kafin su bi da zare. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma, in dafa shayi da na'ana'a, su taru.

Maƙwabciyata Kaltume, mutuniyar Chadi ce, ƙatuwa mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ta gani ta kwaikwaya. Takwara, wallahi furen Kaltume kamar kaza ce ta taka kwaɓin fulawa. Ba hassada ba ce, ita ma da bakinta take faɗa. Amma yau ki je har Badar ki ce hatimin Kaltume, tsofaffi za su gyaɗa kai. Ki ce hatimin Safiya, sai a ce wace Safiya? To bari in gaya miki yadda aka yi kaza ta tsere wa mai reza.

Wautata ta fari, ni ba na fita. Na ce kayana sun isa a biyo su. Wadda take so ta zo gidana, ta zauna a tabarmata, ta yabi hannuna. Kaltume kuwa sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali, ta ja abaya, ta shiga gidan wata. Kuma idan ta shiga ba ita ce amarya ba. Sai ta zauna can bakin ƙofa ta ce, "Yau gidan Hajiya Mairo muke, ku dubi shayin nan, wa ya iya irinsa?" Idan an tashi sai ta zaɓi hatimi mafi kyau ta damƙa wa matar gidan a gaban kowa. Matar nan za ta yi wata tana ba da labari, kuma duk inda ta ba da labarin kanta sai sunan Kaltume ya biyo kamar jela. Ni ina gida ina wasa reza.

Saboda haka idan kika buɗe littattafan nan, ki bar kallon fure tukuna. Ki tambayi Bilki me kowane kamfani yake yi wa matar da ta share ɗakinta ta dafa shayinta. Wanda ya ɗaga matar gida, shi ne za a ji sunansa, domin mace ba ta gajiya da labarin ranar da aka girmama ta. Ke kuma ki fita. Zumunta a ƙafa take, ciniki ma a nan yake kwana. Na ji an ce sanyin can yana daskarar da majina a hanci. Ki sa safa biyu ki fita.

Ta biyu, ba na bari a taɓa. Idan mace ta miƙo hannu sai in ce, "Kawo in buga miki, za ki ɓata." Ina tsoron a lalata mini kaya, ina tsoron a gane yadda nake yanka. Su zauna kamar masu kallon wasa, ni ina ta burgewa. A wajen Kaltume kuwa kowa hannunta dumu-dumu da tawada. Kowace mace sai ta koma gida da ƙyallen da ita ta buga da kanta, karkatacce ko miƙaƙƙe, ta nuna wa miji, ta nuna wa dangi. Abin da mutum ya kalla, ya kan manta kafin magariba. Abin da ya yi da hannunsa kuwa, har jikoki sai sun gaji da jinsa, ga shi ke ma kina ji.

Akwai wata mata, Umma Sa'adu, mijinta yana aikin gonar dabino a Badar. Ta zo ziyara ta ga kayana, ta riƙe hatimin ganyen dabinon nan kamar ta riƙe jariri. Ta ce, "Yaya Safiya, ki ba ni kaɗan in tafi da su. Matan can ba su taɓa gani ba. In tara su kamar yadda kike yi, in ce naki ne."

Na ce, "In ba ki, gobe ki zauna da reza ki zama ni?"

Ta ce, "Ai ko na zama ke, sunanki zan kira."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Ta ajiye shi a hankali, ta fita, ta shiga ƙofa ta gaba. Kaltume ta ba ta kaya, ta koya mata yanka, har da rakiya zuwa tasha. Daga Umma Sa'adu aka samu wata a Yanbu, daga ta Yanbu aka samu wata a Jidda. Kaltume tana zaune a lungunmu tana cin dabinon Badar kyauta, sunanta yana hawa mota. Ni nawa sunan bai taɓa wuce famfon unguwa ba.

Ga amsar tambayarki rabi. Kamfanin da kowa ya sani ba shi ya fi iya fure ba, shi ya fi yawan ƙafafu. Ya yarda ya koya wa mata, ya sake musu kaya, ya bar su su tafi da sunansa inda shi bai taɓa zuwa ba. Wancan mai kyawawan furannin, ina jin ɗan'uwana ne, yana can yana wasa reza.

Ta uku kin san ta, don kin sha ta. Bakina. Ranar da na yi sassauci na bar wata amarya ta buga da kanta, sai ta danna da ƙarfi, furen ya baje ya zama kamar tabon miya. Na ce, "Yarinya, hatimi aka ce ki buga, ba a ce ki kirɓa sakwara ba." Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Na ji daɗi ƙwarai. Ita ma ta yi murmushi. Ba ta sake taka gidana ba, haka uwarta, haka ƙannen uwarta, kuma dangi ne masu yawa kamar alhazan Indunusiya. Na samu dariyar yini ɗaya, Kaltume ta samu dangi guda. Ita ko an buga mata abin da ya yi kama da ƙadangare sai ta ce, "Masha Allah, wannan irin naki ne ke kaɗai."

Tsokana tsakanina da ke halal ce, kaka da jika, Allah ne ya ba mu. Amma baƙuwar da ta zauna a gabanki tana koyon abu, kada ki saya wa jama'a dariya da ita. Ke ba ki gaji bakina ba, alhamdu lillahi, shiru kika gado na kakanki. Sai dai shiru ma yana yanka. Idan mace ta nuna miki abin da ta buga kika yi shiru kina kallo, ta ji abin da ba ki faɗa ba. Ki buɗe baki ki yaba.

Yanzu ga babbar, wadda ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba. Idan Likita ne ke karantawa, ya gyara zama, kuma kada ya yi dariya da ƙarfi a jirgin mutane.

Kaltume tana da wani hatimi da wani mai shago ya yi mata da sunanta. Duk jakar takardar da ta sa kaya a ciki sai ta buga shi. Na ce wannan ne sirrin, suna! To ni da nake da reza zan je shago? Ana shirin wani babban biki a unguwa, duk matan Hausawan Madina za su hallara, an ce mu biyu mu kawo kaya. Na zauna na sassaƙa sunana da harafin Larabci, Safiya, na yi masa ado da ganye. Na ɗaga shi na karanta, ga shi nan sarai, daga dama zuwa hagu, kamar a allo. Ina sauri, na dangwala na bi jakunkuna ina bugawa ina kifewa, ina bugawa ina kifewa, ko ɗaya ban juya na duba ba. Me zan duba? Ni ce fa.

Abin da ban sani ba, shekara da shekaru ina yanka fure, fure kuwa ba shi da gaba ba shi da baya. Ko ta ina ya fito fure ne. Harafi ba haka yake ba.

A wajen biki na raba jakunkuna. Sai na ga mata suna juya su, wannan ta karkata kai, waccan ta kira 'yarta mai zuwa makaranta. Wata tsohuwa ta ce, "Safiya, wannan laya ce ko rubutun Indiya?" Wata ta ce, "A'a, aljanu ne suka sa hannu." Na karɓa na duba. Sunana ne, amma ya juya mini baya, yana tafiya ta inda ba a tafiya.

Kaltume ta taso, ta zaro ɗan madubin kwallinta, ta kara a jikin jakar. Ta ce, "Ku zo ku gani, jama'a. Safiya. Ga shi nan, kyakkyawa kuwa, ni mai shago bai yi mini ganye ba." Sannan ta rage murya ta ce da ni, "'Yar'uwa, suna a juye ake yanka shi. Ki yanka yadda ke ba za ki iya karantawa ba. Ba ke za ki karanta ba ai, mutane ne."

Taimakona ta yi, takwara. Yau na sani. A ranar kuwa ji na yi kamar ta tuɓe mini mayafi a kasuwa. Na tattara kayana, na dawo gida, na zuba su a akwatin ƙarfe na tura ƙarƙashin gado. Ta zo ƙofata ta yi sallama, na ce a ce ina barci. Ta aiko da dabino, na ba almajirai. Ni da na yi wa amarya dariya, aka yi mini sau ɗaya na rufe sana'a. Ana haka aka rushe unguwa. Mu aka jefo mu nan unguwar Sih, bene hawa na uku, ita ta koma can wajen hanyar filin jirgi gidan ɗanta. Kullum ina cewa zan je.

Ranar da na je, ta'aziyyarta na je. Ban samu wurin ajiye takalmi ba. Mata daga Badar, daga Yanbu, daga Jidda, wasu da jikoki a hannu. Umma Sa'adu ta gane ni, ta tsufa ta rankwafa, ta kama hannuna ta ce, "Yaya Safiya, kullum Kaltume tana cewa ke ce malamarta. Ta ce duk Madina ba mai hannunki." Ashe sunana ya je Badar. A bakin Kaltume ya je, ni ina nan ina barcin ƙarya.

Na dawo na jawo akwatin. Reza ta yi tsatsa, na sayi sabuwa. Na zauna da madubi a gabana na sake yanka sunan, a juye. Idona ya rage, amma ya fito. Na buga shi sau ɗaya a bayan kalanda, na karanta, daidai. Daga nan ban sami inda zan buga shi ba. Wa zan ba jaka? Maƙwabtana a nan ƙofofinsu na ƙarfe ne, muna haɗuwa a matakala mu ce salamu alaikum, shi ke nan. Kawunnanki ɗaya yana Riyad ɗaya yana Jidda, suna bugo waya ranar Juma'a su tambayi ƙafata. Ke ce kike shigowa ki ce, "Sitti, me kika dafa?" ki buɗe tukunya ba izini. Jiya na auna shinkafar mutum biyu, sai da na zuba ruwa na tuna cewa daga jibi ta mutum ɗaya ce.

Kada ki yi kuka, kwallinki zai zuba, Turawa su ce Likita ya auro mage.

Game da kamfanonin nan, ba zan ce miki ga wanda za ki shiga ba. Wani an san shi don ya riga kowa zuwa, wani don bakinsa ya fi kayansa girma, wannan ma akwai. Ki sa Bilki ta haɗa ki da matar da ta shiga ta fita, ita za ta gaya miki gaskiya, ba wadda ke ciki tana neman ja ki ba. Idan suka ce sai kin cika ɗaki da kaya kafin ki fara, ki ce kakarki tana da akwati guda a ƙarƙashin gado, ya ishi zuri'a. Kuma kada kowace gaisuwa taki ta zama talla, har mata su riƙa ganinki su sauya hanya. Kaltume tana zuwa barka da ta'aziyya hannu rabbana, shi ya sa idan ta zo da ɗauri ake buɗe mata ƙofa.

Ni dai ba kamfani ne tsorona ba. Ke ce. Na ga yadda kike zana katin biki a ɗakinki ki ɓoye a littafi, na ce wa raina ga ni nan an sake haifa. Hannu mai kyau, ƙofa a rufe. A Madina aka haife ni, a Madina na tsufa, da Hausawa ta ko'ina, amma ga ni ina hira da tukunya. To ina ga ke, a garin da ba wanda ya san uwarki ba wanda ya san ubanki? Ko ba ki sayar da ko ɗaya ba, idan hatimin roba ya sa kin shiga gida uku kin sha shayi, an san sunanki an kira ki da shi, riba ta samu. Idan suka yi dariyar Turancinki, kuma za su yi, ki taya su, ki koma washegari. Wadda ta kara miki madubi, kada ki ce mata kina barci.

Abu ɗaya nake roƙo. Waya tana da kyau, amma murya iska ce, ana ajiye kan waya ta tafi. Ki aiko mini da kati, wanda kika buga da hannunki, ko ya karkace. Ki rubuta mini sunayen matan da kika shiga gidajensu, ko ba zan iya furtawa ba. Zan jingina shi a jikin madubi, in mai kawo gas ya shigo in tsare shi sai ya kalla.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa ƙasar ta karɓe ku. Allah ya ba Likita haƙurin zama da ke, ya ba ki haƙurin zama da shi, don na ga yadda yake cin abinci. Allah ya raba ki da girman kan kakarki, ya bar miki hannunta. Duk ranar da ƙafa ta bar ni na isa Harami zan ambace ku. Idan muna da rabon sake ganawa, alhamdu lillahi. Idan babu, ki yafe mini tsokana, ni na yafe miki satar suna.

Kakarki, Safiya babba.

Kacici-kacicin kuwa, hatimi ne. Yana cikin jakarki ta hannu, a aljihun gefe, naɗe a farin ƙyalle. Idan kika duba shi ba za ki iya karantawa ba. Sunanmu ne, sai kin buga shi a takardar wani yake fitowa daidai.